GWATEN MAMA RODA

Shafi na 6

Masu cika min akwatin saƙo da "ina shafi na shida", duk na gan ku. Ruwa ne ya shiga wayata ranar Talata, sai jiya mai gyara ya ba ni ita. Ga shi nan, a karanta a nutse, ban da tsallake layi.

*

Sauda tana tsugune a tsakar gidan mahaifinta tana rege acca a ƙwarya, sai ga Goggo Fatu ta faɗo gidan, ko sallamar ba ta ƙarasa ba. Mayafinta a karkace, takalmi wari da wari, waya a hannu tana nuna ta da ita.

"Goge shi."

"Goggo, ina kwana..."

"Ban zo gaisuwa ba. Abin nan da kika tura a guruf ɗin gida jiya, ki goge shi yanzu ina kallonki."

Sauda ta ajiye ƙwaryar a hankali, ruwa na ɗiga daga yatsunta.

Ita dai abin da ta san ta tura, bidiyon girki ne na minti uku. Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinta, Baffa Hammadu. Likita ya hana shi gishiri, ya hana magi, ya hana mai, shi kuma Baffa ya ɗinke bakinsa da abinci. Kullum Sauda sai ta baro gidan mijinta a Tirwun ta hau napep zuwa Ƙofar Wambai, don tun rasuwar Innarsu babu mai dafa masa sai ita. Ta yi fate ya tofar, ta yi tuwo ya kau da kai. Har ta koma bin shafukan girki a Fesbuk, duk wanda ta ga mai sauƙi ta gwada, in ya yi daɗi ta tura wa 'yan'uwa da ƙawaye.

A haka ta ci karo da wani shafi, Girkin Mama Roda. Wata tsohuwa ce a ƙauye take girki a kan duwatsu uku, ɗanta yana ɗauka da waya. Gwaten acca ta yi, ba mai ba magi, daga yakuwa da gauta sai soyayyen riɗi da ɗan ruwan toka. Jiya Sauda ta dafa shi. Baffa ya cinye kwano guda tas, yana ci hawaye na bin kumatunsa. Don murna ta ɗauke shi a bidiyo, ta haɗa da na girkin ta tura wa dangi.

To ina abin gogewa a nan?

"Goggo, ko akwai abin da bai halatta ba a ciki? Wallahi na duba, ganye ne da riɗi kawai."

"Ba girkin ba."

"To bidiyon Baffa ne? Kin ga bai dace a ga yana kuka ba?"

"Ke dai ki goge."

"Ai ko na goge kowa ya riga ya gani. Anti Yagana ma ta ce yau shi za ta yi wa yara."

Goggo Fatu ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku. Shi Baffan naki fa? Kin nuna masa matar?"

"Na nuna masa. Da ya gama ci na ce Baffa ga wadda ta koya min."

"Me ya ce?"

"Kin san bakinsa yanzu. Ya yi ta cewa 'Ro... Ro...' sai na kawo masa ruwa. Ya ture kofin har ya jiƙa shimfiɗa."

Goggo ta nemi bakin turmi ta zauna daɓas.

"Ba ruwa yake nema ba," ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

"To me yake nema?"

Goggo ta kau da kai.

"Goggo, ki yi min magana don Allah. Kin san matar ne?"

"Ban taɓa ganinta ba."

"To me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba."

"Ba ki san ta ba, ba ta yi miki komai ba, amma kin taso tun daga gidanki da takalmi wari-wari a kan gwate?"

Goggo ta sunkuya ta dubi ƙafafunta. Sai a lokacin ta lura. Ba ta yi dariya ba.

Wani tunani ya zo wa Sauda, ta rage murya tana waiwayar ƙofar ɗakin Baffa.

"Ko... budurwarsa ce ta dā? Kafin Inna?"

"Rufe min baki, marar kunya."

"To ai ke kika bar ni a duhu!"

Wayar Sauda da ke kan kujera 'yar tsugunno ta yi ƙara. Ta goge hannu da bakin zani ta ɗauka. Tana ganin sunan da ya fito ta ɗago ta dubi Goggo.

"Su ne."

"Su wa?"

"Masu shafin."

Goggo ta miƙe zumbur.

"Ina suka san ki?"

"Jiya na tura musu godiya. Na ce daga Bauchi nake, mahaifina ba shi da lafiya, girkinsu ne ya fara ci." Ta sunkuyar da kai. "Na haɗa musu da bidiyonsa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Saudatu, kin kashe ni."

Sauda ta buɗe saƙon, ta karanta a fili:

"Sannu 'yar'uwa. Sunana Jesse, ni ne ɗan Mama Roda, ni nake riƙe da shafin. Mun gode da saƙonki, Allah ya ba Baba lafiya. Ki yi haƙuri da tambayar da zan yi. Tun da na nuna wa Mama bidiyon nan jiya ba ta sa komai a bakinta ba, ta sa na maimaita mata shi ya fi sau ashirin. Ta ce in tambaye ki, me ya gutsure saman kunnen Baba na hagu?"

Sauda ta ɗago.

"Kunnen Baffa? Ai faɗuwa ya yi a keke yana yaro. Ke ma kin sha ba mu labarin, kika ce a gangaren Ƙofar Wambai ne, har kina bayansa a goye."



Wani saƙon ya sake shigowa.

"Mama ta ce in an ce miki keke ne, ba keke ba ne. Reshen ɗorawa ne. Ita ta sa shi hawa."

Sauda ta karanta sau biyu. Ta dubi wayar, ta dubi Goggo, ta sake duban wayar. Kanta ya ɗaure tam.

"Ita ta sa shi hawa? A ina? Matar nan a ƙauye take can wajen Bogoro, ga shi nan an rubuta a shafin. Me ya kai Baffa Bogoro yana yaro?"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Na ce ki zauna, ba maganar tsaye ba ce."

Sauda ta zauna a ƙasa, kusa da ƙwaryar accar. Goggo ta koma kan turmin, ta gyara mayafi, ta daɗe tana murza tafin hannunta.

"Ba a kai shi Bogoro ba. Daga can aka kawo shi."

"Aka kawo wa?"

"Ubanki."

"Ban gane ba."

"Malam Hammajoda, da kuke ce wa kakanku, fataucin hatsi yake yi. Yana zuwa kasuwannin can yana sayen acca da dawa. Wata shekara ya dawo da yaro a bayan motar kaya, ɗan shekara sha uku, ba ya jin Hausa sai 'sannu' da 'na gode'. Ubansa ya mutu, uwarsa ta mutu, yunwa ake yi a garin. Aka ce zai yi aikin rani guda a rumbun Malam ya koma. Bai koma ba."

"Wane yaro?"

"Saudatu, kar ki mayar da ni mahaukaciya. Kin ji abin da na ce."

"Na ji, amma ban gane ba! Baffa ɗan Malam Hammajoda ne. Yayanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga hotonku can a ɗaki ku biyu da Malam."

"Hoto ai ba ya magana."

"Goggo, kowa cewa yake hancinki na ɗauko!"

"Mutane abin da aka faɗa musu suke gani."

Sauda ta kai hannu ta shafa hancinta ba tare da ta sani ba. Sai ta ji kunyar kanta ta sauke hannun.

"Ina shekara tara lokacin," Goggo ta ci gaba. "Ni na koya masa Hausa. Ni nake ɓoye masa ƙanzo. Da ya kai sha shida shi da kansa ya je wa Malam ya ce yana son ya shiga Musulunci, babu wanda ya tilasta shi, Allah ne shaida. Malam ya raɗa masa Hammadu. Ya tara mu a zauren nan ya ce daga yau wannan ɗana ne, duk wanda ya ƙara tuna masa daga inda ya fito bai yafe ba. Waɗanda suka ji maganar nan duk sun mutu. Saura ni."

"Inna ta sani?"

"Ta sani. Kafin a ɗaura ya faɗa mata."

"Yayana Sabitu fa?"

"Bai sani ba."

"Kafin a raɗa masa Hammadu, wa ake ce masa?"

Goggo ta kalli ƙofar ɗakin, ta yi ƙasa da murya kamar sunan zai ƙona mata baki.

"Toma."

Sauda ta maimaita a ranta. Toma. Ta yi ƙoƙarin ɗora sunan a kan mutumin da ta sani, mai farin gemu da carbi, wanda shekara talatin shi ke buɗe masallacin unguwa da asuba, wanda in ana gardamar tarihin Ƙofar Wambai shi ake kira ya raba. Sunan ya ƙi zama.

"To ita Roda..."

"Ƙanwarsa ce. Ciki ɗaya. Tana shekara bakwai ya bar ta a hannun kawunsu."

"Bai taɓa komawa ba? Shekara nawa, Goggo? Baffan da ke yi mana faɗa in muka yi sati ba mu gaishe ki ba?"

"Ya koma sau ɗaya. Yana saurayi, ya ɗinka mata atamfa biyu, ya sayi 'yan kunne. Kawun ya tare shi a ƙofar gida, ya ce Roda ta ce ba ta da wani wa, ya koma inda ya fito. Ko fuskarta bai gani ba. Ya dawo da kayan nan a ƙulle yadda ya tafi da su. Kwana uku bai fito daga ɗaki ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni na saka atamfar daga baya. Shi ya ba ni."

Sauda ta rasa abin da za ta ji. Haushin Baffa? Tausayinsa? Haushin Goggo? Ta tuna ranar da ta cike takardar makaranta, inda aka ce asali, ta rubuta abin da ta sani da gadara. Ta tuna yadda take tsokanar ƙawarta Habibatu da cewa su baƙi ne a garin nan. Sai ta ji wata dariya marar daɗi tana neman ƙwace mata.

"To in ita ta ce ba ta da wa, me ya hana ta cin abinci tun jiya?"

"Oho. Ni ina na sani?"

"Ƙila ba ta taɓa faɗa ba. Ƙila kawun ne..."

"Ko ma mene ne, ya wuce. Ki rubuta musu ki ce kuskure ne. Ki ce kunnen keke ne, kamanni ne kawai, Allah ya haɗa kowa da nasa."

"In yi ƙarya?"

"Ki rufa asiri. Saura sati uku ɗaurin auren Sabitu. Dangin amaryar nan na GRA da suka turo binciken asali, wa suka samu? Ni. A ɗakina suka zauna, na ce musu mu tsoffin Ƙofar Wambai ne kaka da kakanni. Yanzu in wannan magana ta fito, da wane ido zan kalle su?"

"In sun fasa don wannan, ai ba mutanen kirki ba ne."

"Ke ba ki san duniya ba."

"Goggo, auren Yaya Sabitu ne ya taso ki, ko wani abu ne daban?"

Goggo ta ɗago jajayen idanu.

"Me kike nufi?"

"Tun da kika shigo, ko leƙa shi ba ki yi ba. Ke da kullum ɗakinsa kike fara shiga."

Goggo ta dubi ƙofar ɗakin.

"Shekara hamsin da shida ina ce masa Yaya," ta ce. "Shi ya aurar da ni. Da mijina ya mutu shi ya riƙe min marayu. Ba ni da kowa a duniyar nan sai shi. Yanzu da ya kwanta, bakinsa ya karkace, sunana ma ba ya iya kira, wata huɗu ina zaune a gabansa ina cewa Yaya ce Fatu, ce Fatu, bai ce ba. Jiya ya ga wata mata a waya sau ɗaya, ya kama 'Ro, Ro'."

Ta fashe da kuka.

Sauda ta matsa ta riƙe mata gwiwa, ita ma idonta ya ciko. Ta buɗe baki za ta ba ta haƙuri, ta rasa da sunan da za ta kira ta. Goggo ce? Ba goggo ba ce? In ba goggonta ba ce, to wace ce wannan da ta yi mata wankan jego?

Wayar ta ɗauki ruri. Wannan karon kira ne.

"Kar ki ɗauka."

"Goggo..."

"Na haɗa ki da Allah kar ki ɗauka."

Daga cikin ɗaki aka ji ƙarar kwano ya faɗi ƙasa. Sai kuma bugu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baffa ne yake dukan ƙarfen gado da zoben hannunsa mai lafiya, yadda yake yi in yana kira.

Suka kalli juna. Tagar ɗakinsa a buɗe take tun safe, Sauda da kanta ta buɗe don ya sha iska.

Duk ya ji.

Sauda ta ruga ciki, wayar na ta kuka a hannunta. Baffa ya yunƙura har ya zamo daga kan matashi, hularsa ta faɗi, gutsurarren kunnen a fili. Idonsa ba a kanta yake ba, a kan wayar yake. Ya miƙo hannu.

"Baffa, kwanta, za ka faɗo."

Ya girgiza kai, yana ta miƙo hannun.

"Yaya, kar ka yi min haka," Goggo ta faɗa daga bakin ƙofa. "Yaya, ka tuna maganar Malam."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, hawaye na gangarowa ta ɓarin fuskar da ba ya motsi. Sannan ya mayar da ido kan Sauda.

Kiran ya katse. Ya sake shigowa.

Sauda ba ta san lokacin da yatsanta ya danna ba. Ta buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Sannu 'yar'uwa, Jesse ne. Ki yi haƙuri, Mama ce ta matsa, ta ce..."

Aka ji kokawar karɓe waya. Sai numfashin tsohuwa, sama-sama. Ba ta yi sallama ba, ba ta gaisa ba.

"Toma?"

Baffa ya ƙura wa wayar ido.

"Toma?"

Ta ci gaba da wata magana da sauri, cikin yaren da Sauda ba ta taɓa ji a gidan nan ba. Muryar tana tashi tana karyewa.

Baffa ya buɗe baki. Sauda ta zaci irin gurnanin nan zai yi na wata huɗu. Sai ta ji kalmomi. A karkace suke, a daddatse, amma kalmomi ne, ɗaya na bin ɗaya, cikin wannan yaren. Mutumin da ya kasa ce mata "ruwa" yana ta zuba magana, ita kuma 'yarsa ko harafi ɗaya ba ta ji.

A can ɓangaren tsohuwar ta rushe da kuka.

"Me ya ce?" Sauda ta ɗaga murya. "Jesse! Kana ji na? Me Baffana ya ce?"

Muryar Jesse ta dawo.

"Ya ce mata ya zo. Ya ce ya zo da zani biyu, aka ce ba ta son ganinsa."

"Ita kuma fa?"

"Ta ce ranar tana rafi. Da ta dawo aka ce mata wani Bahaushe mai talla ne ya wuce. Sai bayan shekara goma kawun ya faɗa mata gaskiya, yana gab da mutuwa. Ta zo Bauchi sau uku tana tambayar Toma. Ba wanda ya san Toma."

Goggo ta jingina da bango, ta rufe fuska.

"'Yar'uwa," Jesse ya ce, "ba zan ɓoye miki ba. Mama ta ƙi jiran amsarki. Motar farko muka hau. Yanzu haka muna bakin kasuwar Wunti, tana riƙe da kwanon gwate da ta dafa tun kafin mu taso. Wace unguwa ce?"

Sauda ta dubi Goggo. Goggo tana girgiza kai, tana haɗa hannaye alamar roƙo.

Ta dubi Baffa. Ya damƙe bakin hijabinta da hannunsa mai lafiya.

"'Yar'uwa? Kina ji? Wace unguwa?"

Ta ce "Am..." ta tsaya. Ta sake cewa "Am..."

Baffa ya ja hijabin har sai da ta sunkuyo, wayar ta zo daidai bakinsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Da Hausa ya faɗa.

"Ƙo... far... Wam... bai."

"Mun ji, Baba! Ga mu nan!"

Kiran ya katse.

Goggo Fatu ta sauke hannunta daga fuska. Kukan ya ɗauke ɗif. Ba ta kalli Baffa ba, ba ta kalli Sauda ba. Ta juya ta fita, takalmanta wari-wari suna ƙara a siminti, ta ratsa tsakar gida ta shige zaure.

Sauda ta bi ta da gudu.

"Goggo, ina za ki? Goggo!"

Ba fita za ta yi ba. Ƙofar gidan ta tura ta rufe, ta zura sakata, ta datse kwaɗo. Ta ƙulle mukullin a bakin zaninta, ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ƙyauren.

"Su zo," ta ce. "Sai dai su bi ta kaina."